Littafin Rabin Fure

Ni takarda nake saye da kilo, ba littafi ba. Sana'ata suyar gyaɗa ce a cikin yashi, a wani tsohon kasko na ƙarfe da ya girmi 'yata, kuma gyaɗa in an soya sai an ƙunsa. A unguwarmu ta yammacin Umdurman takarda muke naɗewa kamar ƙaho, a zuba, a lanƙwasa bakin. Wani dattijo maƙwabcinmu da ke kai kaya kasuwar Suk al-Arabi shi yake taho min da ɗaurin tsofaffin jaridu da takardun ofis. Kullum ina ce masa ya zaɓo min masu rubutun Turawa. Ba don ina ƙaunar Turawa ba. Takardar Larabci sai na bi ta layi-layi, kada a ce da sunan Allah ko aya a ciki, yaro ya cinye gyaɗa ya yar da ita a kwata. Ta Turanci kuwa hankalina kwance, ko me suka rubuta tsakaninsu da Mahaliccinsu.

A cikin irin wannan ɗauri na tsinci littafin. Faffaɗa ne, ba kauri, takardarsa mai tauri da santsi. Na kama kusurwa ɗaya zan naɗe, ta ƙi. Sai na cilla shi ƙarƙashin angarib, gadon igiyar da nake kwana a kai, na ci gaba da aikina.

A lokacin maigidana ya shekara uku da rasuwa. 'Ya'yana maza sun bi neman abinci, ɗaya gabas ɗaya ƙetaren teku. Tsohuwar da muke hira ta kan katanga, ita ma 'ya'yanta sun zo da mota sun kwashe ta da tukwanenta. Tun daga ranar Hausata ta rasa mai karɓa sai akuya. Kakannina da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka tsaya tsinkar auduga don su ƙara guzuri, guzurin bai cika ba har aka haifi uwata, har aka haife ni. Larabci kam na iya shi. Da shi nake ciniki, da shi nake faɗa da mai gawayi, kuma ba ya cin nasara a kaina. Amma Larabci a wurina kamar takalmin fita unguwa ne, in na shigo gida ina so in tuɓe in ji ƙafata a ƙasa. To, ga gida, ga tsakar gida, ba wanda zan tuɓe wa. Sai in wayi gari in ga tun asuba har azahar ban ce komai ba sai "kauce" da na ce wa akuya. Ni ɗin da uwata ta ce tun ina goye nake sa baki a hirar manya.

'Yata ta fari tana aure a Alshajara, can ƙetaren kogi, mijinta makaniki ne a wani gareji. Shekarar nan ta sami aikin ɗinki a wani shago a Kasuwar Libiya, kusa da ni. Da aka ba da hutun makaranta na lokacin zafi, sai ta fara taho min da 'yarta kullum da safe, ta ajiye ta, ta wuce, bayan la'asar ta biyo ta ɗauke ta su kama motar gida kafin gada ta cushe. Yarinyar shekararta bakwai, siririya, idanu kamar na mage, kitso biyu. Habboba take ce min, wato kaka da Larabcin nan namu.

Ji kam tana ji. Ko gulmarta ka yi da Hausa a can ƙuryar ɗaki sai ta harare ka. Amma bakinta ba ya furtawa. Uwarta ta ce wai akwai ranar da ta kira wani abu da Hausa a makaranta, yara suka yi ta kwaikwayonta har aka tashi, daga nan ta kulle. A gidansu ma Larabci ake yi, uban ya ce ya fi sauƙi. Suruki ne, ba a ja da shi. Amma a raina na ƙulla: wata uku aka ba ni, kafin hutun nan ya ƙare sai na ji yarinyar nan ta yi min magana da Hausa. Ba kalma ɗaya ba, magana mai kai da ƙafa.

Ba abin da ban gwada ba. Na gwada alawa.

"Ƙawata, ce 'ba ni,' in ba ki."

Ta miƙo hannu ta ce da Larabci, "Ba ni." Na ce ba haka ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce to ba ta so, haƙoranta ma ciwo suke yi.

Na gwada tsokana, irin wadda ke tsakanin kaka da jika. Na ce mata mummuna, mai hanci kamar gindin ludayi, ba mai aurenta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, da Larabci dai, ita ta ga inda ta gado hancin. Na yi dariya har hawaye, amma da ta juya baya sai na ji dariyar ta bar min ɗaci. Wasan jika da kaka a cikin harshen kasuwa, kamar tuwo ne ba miya, yana cika ciki dai.

Sati biyu muna haka. Ran nan takalminta ya shige ƙarƙashin angarib, ta kutsa nema, ta fito da littafin duk yana a jikinsa. Ta goge da rigarta, ta ɗora min a cinya.

"Habboba, karanta min."

Ni karatuna na allo ne, izu kaɗan, sai abin da nake salla da shi. Harafin Turawa ko ɗaya ban sani ba. Gaskiya a nan ya kamata in ce, "Ƙawata, ban iya ba." Amma tun da ta fara zuwa gidan, ran nan ne karon farko da ta zo da kanta ta jingina da gwiwata. Wa zai ture wannan? Na gyara zama, na yi gyaran murya, na buɗe littafin yadda na ga ana buɗe kowane littafi tun da aka haife ni, yadda ake buɗe Alƙur'ani, yadda 'ya'yana ke buɗe na makaranta: ta hannun dama.

Na ɗan yi jim, don uwata ta hana mu tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata a daji. Sai na ce a raina, yarinyar nan ba ta taɓa kai magariba a gidan nan ba, in na jira dare sai dai in yi wa sauro. Kuma wannan ai littafi ne, a rubuce yake, ni karantawa kawai zan yi. Haka mutum yake yi wa kansa fatawa in yana son abu.

Hoton farko wata ƙasa ce shar, ruwa shuɗi iya ganinka, ga dutse dogo kansa cikin gajimare. A bakin ruwan akwai wani ɗan tsiro mai fararen furanni, can bisa dutsen ma akwai irinsa. Furannin ne suka ba ni mamaki. Kowanne kamar tafin hannu an buɗe yatsu biyar, ɗaya gefen babu komai, kamar an yanke. Na ɗora yatsa kan rubutun kamar mai bin layi, na ce da Hausa:

"Akwai wata ƙasa da furanninta duk rabi-rabi suke fitowa. Ba wanda ya san dalili."

Na juya. Wata mace ce ita kaɗai bisa dutse, gashi har gadon baya, kafaɗa a waje ko mayafi babu, rabin fure a hannunta, tana hawaye. Na ce kaɗaici ne ya ishe ta, ba ta da mai yi mata magana. Wannan ban sha wahalar ƙirƙira ba. Na juya. Wani saurayi a bakin ruwa kusa da kwalekwale, shi ma rabin fure a hannunsa, ya yi tagumi. Na ce ya yi mafarki an ce masa ɗaya rabin yana bisa dutse. Hoto na gaba ga shi a tsakiyar hanyar dutsen, ya ɗaga kai yana duban sama. Na ce ya kama hanya, ƙaya na sukarsa, bai tsaya ba. Sai ga su biyu gaba da gaba, kowa da rabinsa, rabin na taɓa rabi.

"Sai suka haɗa," na ce, "sai furen ya manne."

Gaba kuwa ga furen cikakke a gashinta, su biyu sun ɗaga hannu sama, ruwa na zuba. Na ce albarka ce ta sauka, don mu nan in aka yi ruwa ranar biki sai a ce amarya mai ƙashin arziki ce. Ga wani tsoho mai farin gemu da sanda a bakin bukka, na ce liman ne, ya ɗaura aure. Ga su a hanya riƙe da hannun juna, na ce sun sauko. Ga wasu mutane a tsaye sun naɗe hannu sun murtuke fuska, na ce dangin miji ne, ko'ina a duniya haka fuskarsu take. Shafin ƙarshe su biyu a bakin ruwa suna dariya, ga kifi cike da raga. Na rufe, sai ga su a bango ma da sarƙar furanni a wuya. Na ce hoton biki ke nan.

Yarinyar ta ce, "Tani." Wato a sake.

Daga ranar muka sami abin yi. Da na sauke kaskon farko na zuba na biyu, sai ta jawo tabarma ƙarƙashin rumfa ta ɗauko littafin. Labarin ya yi ta ƙiba a bakina. Saurayin ya sami uwa mai faɗa, dutsen ya sami kura, liman ya sami tari. Itatuwan nan dogaye masu 'ya'ya a wuya na ce giginya ce ta ƙasarsu. Ni ban taɓa ganin teku ba, sai na ce kamar inda kogunanmu biyu suka haɗu ne, amma ba gada, ba ƙetare. In na manta wani abu da na faɗa jiya, ita ba ta mantawa, sai ta daki cinyata ta tuna min da Larabci.

Sai na koyi wata dabara. In na zo gaɓar magana sai in tsaya kamar abin ya ɓace min.

"Sai saurayin nan ya tashi ya hau... ya hau..."

"Dutse," in ji ta, can ƙasa-ƙasa, ba ta ko kallona.

Wallahi ranar da ta fara faɗin wannan, sai da na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko gishiri, na tsaya bayan ƙofa na share ido. Bayan dutse sai fure, sai ruwa, sai kifi, sai liman. Kalma ɗaya-ɗaya, kamar kaza na tsintar gero. Ban matsa mata ba. Na ce wanda ya ba ka tsaba yau, gobe zai ba ka mudu. In sun tafi da yamma sai in zauna in lissafa kalmomin da ta faɗa a yinin, in maimaita su da muryarta, har ladan ya kira magariba.

Wata ranar Alhamis ta ce za ta tafi da littafin gida ta ba babanta labari. Na ji daɗi ma. Na sa mata shi a jaka tare da ƙunshin gyaɗa na suruki.

Juma'a ba aiki. Ranar Asabar suka shigo, ko gaisuwa yarinyar ba ta yi ba. Ta zaro littafin ta buga shi kan tabarma.

"Ba ki iya karatu ba," ta ce da Larabci. "Ta wutsiya kika fara. Littafin Turawa ta hagu ake buɗewa, kowa ya sani. Duk ƙarya kika yi min."

Uwarta ta daka mata tsawa, ta juyo gare ni tana murza gefen mayafi. "Yumma, ki yi haƙuri, ba da mugun nufi ya yi ba." Yumma take ce min, kamar yadda 'yan nan ke kiran uwa. A tsaye ta ba ni labarin, don tana sauri. Ashe ran Juma'a bayan masallaci ƙannen mijin sun zo cin abinci. Yarinyar ta tsaya a gabansu da littafin, ta buɗe ta dama, ta fara zuba musu labarin tiryan-tiryan. Uban yana ɗan taɓa Turanci, irin na littattafan injuna. Ya leƙa ya ga lambobin da ke ƙasan shafi suna komawa baya. Ya fashe da dariya har ya ƙware, ƙannen suka taya shi. Sannan ya juya littafin ya bi shi a hankali, yana haɗa kalma da kalma. Ya ce tsohon labari ne na mutanen wasu tsibirai da ake kira Hawayi, can tsakiyar teku, nesa da ko'ina, irin wanda kakanninsu ke ba yara. Kuma ba labarin aure ba ne.

"Ya ce a ba ki haƙuri," in ji 'yata. "Kunyar zuwa yake ji."

Na ce, "Ba komai, ai gaskiya ya faɗa. Rashin sani ya fi dare duhu." Na ma yi 'yar dariya don ta tafi aikinta da sauƙin zuciya.

Yarinyar ta je ta zauna a dokin ƙofa tana wasa da tsakuwa. Na kai mata shayi, ta sha. Na ce ta zo inuwa, ta ce nan ma daidai ne. Da rana na je na tsuguna kusa da ita, na sauko har cikin Larabcin da take so, na ce na yi kuskure, da na gaya mata tun farko ban iya ba. Ta ce, "Khalas," wato ya wuce. Amma bai wuce ba. Ba ni aka yi wa dariya ba, ita aka yi wa, a gaban maza huɗu, tana tsaye da littafi a hannu. Karo na biyu ke nan ana mata dariya a kan abin da ta ɗauko daga wajenmu.

Da suka tafi bayan la'asar, na ɗauki littafin na zauna bakin angarib. Gidan tsit, sai motocin kasuwa daga nesa. Na buɗe ta hagu, hannuna ma bai saba ba. Ga su suna dariya da kifinsu tun a shafin farko. Ga masu murtuke fuska. Ga su suna hawa, ba sauka ba. Tsohon nan da na ce ya ɗaura aure, yanzu na lura kansa a sunkuye yake, tafin hannunsa a buɗe, irin na wanda ke cewa ba yadda zan yi. Da na zo kan hoton saurayin a tsakiyar hanya sai na kai littafin kusa da idona. Fuskarsa dai sama take kallo, amma yatsun ƙafarsa gangare suka nufa. Sau nawa na ɗora yatsa a kan hoton nan ban ga ƙafar ba? Waiwaye yake yi. Na kai shafin ƙarshe, ita can, shi nan, furanni rabi-rabi. Na daɗe a zaune da shi a cinya, har inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Ranar ko tukunya ban ɗora ba.

Haka muka yi kusan sati uku. Tana zuwa, tana ci, tana taya ni naɗe takarda in na ce ta taya, amma ko tsabar nan ɗaya-ɗaya ta daina ba ni. In na tsaya a gaɓar magana, sai maganar ta zauna a tsaye ba mai ƙarasawa. Littafin yana kan taga, ba mai taɓawa. Uwarta ta fara zancen ɗinka mata rigar makaranta, ta auna ta a gabana da igiyar awo. Na ƙirga a raina, saura kwana biyar.

Abin da ya faru ran Talata ban shirya shi ba, da farko dai. Na ɗora kasko, yashi ya yi zafi, na zuba gyaɗa ina juyawa. Mai zaman kaɗaici bakinsa ba ya tambayarsa izini. Sai na ji kaina ina ce wa akuya, "Akwai wata ƙasa da furanninta duk rabi-rabi suke fitowa." Na ci gaba, nawa labarin, na baya-baya, don shi ne wanda bakina ya sani. Can na lura ƙarar tsakuwa a bakin ƙofa ta tsaya. Ban waiwaya ba. Na ɗaga murya kaɗan. Na sa saurayin ya hau dutse, na ma ba shi jaki.

"Galat," in ji murya daga ƙofa. Wato ba daidai ba.

Na yi kamar ban ji ba. Na sa suka haɗa fure, na sa liman ya ɗaura aure, na ce har da 'yan biyu suka haifa.

Sai ga ta a kaina, hannu a ƙugu, tana zuba Larabci kamar famfo: babu jaki, babu aure, babu 'yan biyu, an gaya min an sake gaya min, me ya sa nake da taurin kai?

Na ci gaba da juya gyaɗa. Na ce, "Ni da Hausa na ɓata. Mai son ya gyara min, da Hausa zai gyara. In ba haka ba, jaki na nan, gobe ma raƙumi zan ƙara."

"Kina jin Larabci!"

"Ina ji. Akuyar ce ba ta ji, kuma ita nake ba labari."

Ta buga ƙafa a ƙasa. Na ɗauka kuka za ta yi, na ce shi ke nan na ƙarasa ɓata abin da ya rage. Sai ta juya da gudu ta ɗauko littafin daga taga, ta zauna dirshan a gabana, ta buɗe ta hagu da ƙarfi har bangon ya yi ƙara. Ta ɗora yatsa kan macen. Ta ja numfashi.

"Wannan mace, baba nata sarki. Wannan namiji, shi kama kifi bas. Ba jaki."

"To," na ce. Ban yarda na dube ta ba.

"Mace ya so shi. Lakin mutane ya ce a'a. 'Yar sarki ba ya auri mai kifi." Ta juya shafi. "Su hau dutse. Su biyu, ba shi ɗaya. Su je wajen tsoho. Ba liman! Tsoho ya ce, ni ba na iya, ku tambaya sama."

Ta mai da mace namiji, ta mai da jama'a mutum ɗaya, ta cusa Larabci duk inda Hausar ta yi rami. Ko harafi ban gyara mata ba. Na riƙe numfashina kamar wadda tsuntsu ya sauka a kafaɗarta.

"Ba'den ruwa ya zo. Ba albarka, habboba. Sama tana kuka. Yani sama ma ta ce a'a." Ta juya. "Mace ya cire fure a kai nata. Ya yaga. Ya ba shi rabi. Ya ce, kai tafi ruwa, ni zauna nan."

A nan fushin ya fita daga muryarta. Ta juya shafi, ta tsaya tana kallon hoton saurayin da ke waiwaye. Ta bi hanyar dutsen da yatsa, daga sama har ƙasa, ta sake bi. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba don ta gyara min komai ba.

"Habboba, don me ita ba ta sauka? Ga hanya nan. Ita ma tana da ƙafa."

Na buɗe baki in ƙirƙiro mata dalili, sai na tuna inda ƙirƙira ta kai mu. Na ce, "Wallahi ban sani ba, ƙawata. Wani lokaci mutum yakan zauna inda aka bar shi."

Ta yi tunani. "Wauta," in ji ta. Ban san ma ta san kalmar ba.

"Wauta kam," na ce.

Ta ƙarasa shafi ukun da suka rage, shi a ruwa, ita a dutse, fure rabi nan rabi can har yau. Ta rufe littafin ta ce, "Haka. Kin ji?" Na ce na ji. Sai a lokacin muka ji ƙauri. Gyaɗar ta yi baƙi ƙirin a cikin yashi, hayaƙi ya cika rumfa. Muka tashi a guje, ni da tsumma, ita tana tari tana dariya, tana cewa, "Ya ƙone, ya ƙone duka!"

A daidai nan uwarta ta yi sallama, ranar ta tashi da wuri. Yarinyar na ganinta ta juya harshe kamar an murɗa makunni, ta ruga tana ba ta labarin ƙonewar gyaɗa da Larabci. Na kama hannun 'yata.

"Ta yi Hausa. Littafin nan kaf, daga bango zuwa bango."

'Yata ta dubi yarinyar. "Da gaske?"

Yarinyar ta ɗaga kafaɗa, ta sunkuya tana ɗaure takalmi.

"Kai, Yumma," in ji 'yata tana dariya, "hayaƙin nan ya hau miki kai. Wannan ko 'sannu' na roƙa ba na samu." Ta ɗauki jaka ta ce su yi sauri kafin motoci su cika.

Kwana huɗun da suka rage ba ta sake ba, ni ma ban roƙa ba. Aka koma makaranta, zuwanta ya koma sai da salla, cikin taron 'yan uwa, inda ba mai zama da tsohuwa a tabarma. Yanzu ta girma, tana can wata ƙasa da nata 'ya'yan. Tana kirana a waya, Allah Ya yi mata albarka, muna daɗewa muna hira, duk da Larabci. Na taɓa tambayarta ko ta tuna ranar, ta ce ta tuna gyaɗa ta ƙone.

Ba ni da shaida, ko mutum ɗaya. Abin da na yi dai, da suka fita ran nan na raka su bakin ƙofa, na tsaya har suka sha kwana, na dawo na juye kaskon a faifai. Na zauna ina tsince 'yan ƙwayoyin da wuta ta bari, ina maimaita maganarta tun daga "baba nata sarki" har zuwa "kin ji," sau ɗaya, sau biyu, sau goma, yadda muke yi da allo kafin a wanke. Na haddace ta da gurguwar Hausarta, da Larabcin da ta cusa, da inda ta tsaya ta ja numfashi. Har yau in gidan ya yi shiru da yawa nakan biya ta daga farko, kuma ban taɓa gyara ko kalma ɗaya ba.